Me Yaron Nan Zai Zama?

A Illela da ƙauyukan kewaye akwai gidajen da ke rainon yaron da ya makara wajen tafiya, ko magana, ko gane abin da ake koya masa. Waɗansu iyaye sukan kai shi Sakkwato, waɗansu su ƙetare Ƙwanni zuwa Galmi, tambayarsu ɗaya: me yaron nan zai zama? Amsar da ta fito daga bakin likita ko malamin makaranta takan bi yaro har girmansa. In aka ce ba zai taɓa iya kome ba, sai a bar shi a zaure, ba makaranta, ba sana'a.

Raunin fahimta dabam yake da taɓin hankali. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da rashin sinadarin aidin a abinci, duk suna kawo shi. Wani kuma da shi ake haifarsa, kamar larurar da Dakta Langdon Down na Ingila ya bayyana a 1866.

Tarihin wannan larura ya isa darasi. Shekaru da yawa masana a Turai da Amurka suna shawartar iyaye su kai irin waɗannan jarirai gidajen ajiya. A 1983 matsakaicin tsawon ransu a Amurka shekara 25 ne, yau ya kai wajen 60, da yawansu kuma suna karatu suna aiki. Abin da ya sake shi ne magani, da koyarwa, da zaton da ake yi musu.

Najeriya ma ta motsa: a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba ta shiga ɗakin uwa.

'Yan'uwa, a Yahaya sura 9 Ubangijinmu ya ƙi ɗora naƙasa kan zunubin yaro ko na iyayensa. Mu je asibiti da wuri, mu kuma tambayi likita abin da yaron zai iya koya a bana. Wanda bai iya lissafi ba yana iya ware albasa, ko ban ruwan dabbobi, ko kaɗa ganga a sujada. Ajin katikisma ya karɓe shi, ko da aya ɗaya zai riƙe a wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba iyayensu ƙarfin zuciya, amin.