Finafinan Da Suka Adana Samartakar Iyayenmu

A Amurka da Turai, wanda ya yi samartaka a shekarun 1960 da 1970, zamanin 'yan hipi masu tara suma da wando mai faɗin ƙafa, yana da finafinan da zai kalla ya tuna ƙuruciyarsa. To, mu fa? Mu ma muna da namu, sai dai yaranmu na Adjamé da Treichville ba su san da su ba. Gidajen silima na unguwa da iyayenmu suke cikawa a da sun rufe, wasu sun koma coci, wasu kantuna. Yanzu silimar ta koma cikin wayar hannu. Ga guda huɗu da ya kamata a nema a intanet da sunayensu na Faransanci.

Na farko shi ne Moi, un noir na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a nan Treichville a 1957, ya fito a 1958, ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa. Labarin samari ne 'yan Nijar da suka zo ci-rani Abijan bayan an buɗe tashar jiragen ruwa. Kowa ya ɗauki sunan ɗan wasan silimar da yake so. Akwai Edward G. Robinson mai dako a bakin ruwa, da Eddie Constantine mai tallar yadi, da Tarzan direban tasi. Ana bin su tun daga wahalar aikin mako har zuwa dambe da rawar ƙarshen mako. An ɗauki hotunan ba murya, daga baya samarin suka zauna suna kallo suna faɗin abin da ke ransu. Shi ya sa maganarsu take kama da hirar da ake yi a bakin shago.

Wanda ya fito a matsayin Robinson shi ne Oumarou Ganda, Bazabarme, haifaffen Yamai a 1935, tsohon soja da ya yi yaƙin Indochine. Da ya koma gida sai ya zama mai shirya fim. Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokan cin mushe suka kewaye shi, da aljihu ya bushe suka watse. Wane ɗan ci-rani ne bai san wannan ba? A 1972 Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Ya rasu a 1981.

Na uku, Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka hau dawakai, suka sake sunaye, suka addabi gari. Za a yi dariya, amma dattawa za su gane tsohuwar rigimar nan tsakanin uba da ɗan da ya ga duniya.

Na huɗu don 'yan matanmu ne: Aya de Yopougon, fim ɗin zane na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, 2013. Ya mayar da mu ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin koko da kofi ke yawo a Abijan. Aya tana son zama likita, ƙawayenta Adjoua da Bintou kuwa hankalinsu na wurin rawa da samari. A kalle shi tare da iyaye mata, don akwai abin tattaunawa.

Abin da muke tsoro shi ne, dattawan da suka ga wancan zamani da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka haifa a nan, idan aka ce masa baƙo, ya kamata ya san cewa gumin kakanninsa yana cikin ginin garin nan. Muna kira ga shugabannin zango da ƙungiyoyin matasa su shirya dare guda, a sa fim ɗin Treichville a tsakar gida, a zaunar da tsofaffi a gaba. Idan an gama, a bar su su yi bayani, yara kuma su ɗauki muryarsu a waya. Waiwaye adon tafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuri'a, amin.