Ko Kun Sani? Asalin Shamfu Tausa Ne

Shamfun da ake wanke gashi da shi ya samo sunansa ne daga kalmar Hindi mai nufin tausa, kuma wani haifaffen Patna, Sake Dean Mahomed, shi ya yayata al'adar a Ingila. A 1810 ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan, jari ya karye cikin shekara biyu. Sai ya koma Brighton ya buɗe gidan wanka, inda ake lulluɓe mutum ya sha surace, sannan a mammatsa masa gaɓoɓi da mai. Masu sanyin ƙashi suka yi ta tururuwa, har Sarki George na huɗu ya naɗa shi mai yi masa tausa. Daga baya ne sunan ya koma kan sabulun gashi.