Daga Tsohuwar Caja Zuwa Ciyawar Teku: Inda Sharar Lantarki Ke Ƙarewa

A shekarar 2022 kaɗai, duniya ta zubar da sharar lantarki mai nauyin tan miliyan 62, kamar yadda rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna. Wayoyi, caja, talabijin, kwamfuta, duk suna ciki. Abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saura kuwa, wani na jibge a bola, wani an ƙone shi, wani kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa teku.

Hanyar da gubar ke bi

Unguwar Agbogbloshie da ke Accra, babban birnin Ghana, ita ce misalin da duniya ta fi sani. Shekaru da dama matasa, akasarinsu 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar, suna fasa tsofaffin na'urori a wurin, suna ƙona wayoyin wuta don su ciro tagullar da ke ciki su sayar. A 2013 cibiyar Blacksmith ta saka wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. Hukumomi sun rushe kasuwar gwangwan ɗin a watan Yulin 2021, amma rusau ba ya kwashe gubar da ta riga ta shiga ƙasa.

Kogin Odaw yana ratsa gefen unguwar, ya faɗa tafkin Korle, tafkin kuma ya zuba a Tekun Atilantika. Duk abin da ruwan sama ya wanke daga toka da tarkace, wannan hanyar yake bi.

Me ke cikin tarkacen? Gilashin tsohon talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, haka ma batirin mota da na inbata. Fitilun da ke haska allon tsofaffin kwamfutocin cinya suna da zaiba. Wasu tsofaffin batura masu caji suna da kadmiyam. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita waɗannan ƙarafa a sababbin na'urori, shi ya sa wayar zamani ta fi ta da sauƙi. Sai dai tsofaffin kayan suna nan birjik a kasuwannin gwanjo.

Robar ma ba ta ɓacewa. Jikin waya da bawon igiyar caja suna farfashewa a rana da ruwa har su zama ɓurɓushi. Duk wanda bai kai milimita 5 ba, masana na lissafa shi cikin ɓurɓushin roba. Ƙarafa masu guba na manne wa jikinsa, sai ya zama musu tamkar kwalekwale, ya kai su cikin kifi da jatan lande.

Ciyawar da ke tsotsar komai

Ciyawar teku ba ta da saiwar da ke shan abinci daga ƙasa. Da dukkan jikinta take tsotsa daga ruwan da take ciki, mai kyau da marar kyau. Nau'inta mai launin ƙasa-ƙasa yana da wani sinadari, aljinet, mai kama ƙarafa ya riƙe. Wannan ne ya sa masu bincike ke gwada ta wajen tace gurɓataccen ruwa, kuma shi ne ya sa ake taka-tsantsan da cinta. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su guji cin hijiki, wata ciyawar teku da ake ci a Japan, saboda yawan sinadarin asenik da take tarawa.

Tun 2011 wata ciyawa mai suna sagasum ke taruwa jibgi-jibgi a gaɓar Afirka ta Yamma, har da Ghana da Najeriya, tana cika wa masunta raga. Akwai masu son mayar da ita taki ko abincin dabbobi, amma ita ma tana tara asenik da kadmiyam, don haka sai an gwada ta tukuna.

Ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi?

Wanda bai taɓa ganin teku ba ma yana cin abin da ya fito daga cikinta: kifin ƙanƙara, kirefish, gishirin teku, har da sinadarin ciyawar teku da ake ƙara wa askirim da man goge baki kauri. Ƙarafan nan ba sa ruɓewa. Zaiba tana taruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba. Garin Minamata na Japan ya ga haka a 1956, lokacin da ruwan wata masana'anta ya gurɓata kifi, mutane suka kamu da ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa. Illar dalma kuwa ba baƙuwa ba ce a arewa: a 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, a ƙauyukan da ake dakan dutsen zinare a cikin gida.

Abin da mai waya zai iya yi

Na farko, ya tsawaita ran wayarsa. Sauya batir ko allo a wurin mai gyara ya fi sayen sabuwa araha, kuma yana rage shara. Na biyu, ya guji cajar da ke mutuwa cikin wata guda, domin araha ba ta ado, kuma kowace ɗaya a bola take ƙarewa. Na uku, kada ya jefa batir a kwata ko cikin sharar da za a cinna wa wuta. Batirin waya na iya fashewa, na inbata kuma gara a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho. Masu sana'ar gwangwan su ma suna da mafita: fere waya da wuƙa ko da injin ferewa yana fitar da tagulla mai tsabta, ba hayaƙin da zai shiga huhunsu, ba tokar da damina za ta kwasa.