Gaskiya ko Jita-jita: Maganganun da Ake Faɗa wa Mai Son Gasa Burodi a Gida

Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, naira kuma ta faɗi a 2023, sai burodi ya yi ta tsada yana ƙanƙancewa a cikin leda. Wannan ya sa mata da dama a Bauchi suka fara auno fulawa a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti don su gwada da kansu. Amma kafin mace ta kwance bakin ledar, maƙwabciya da ƙanwar miji sun riga sun cika ta da shawarwari, wasu gaskiya, wasu kuwa su ne ke kashe mata gwiwa.

Wadda aka fi ji ita ce wai burodi aikin gidan burodi ne, wadda ba ta da obin kada ma ta fara. Jita-jita ce. Abin da kwaɓi ke buƙata shi ne zafi a rufe, kimanin digiri 180 zuwa 200, na minti 30 zuwa 40. Babbar tukunya mai kauri tana bayar da shi. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, a rufe, a ɗora a kan gawayi ko gas har yashin ya ɗauki zafi, sannan a sa ɗan ƙarfe ko duwatsu uku a ɗora gwangwanin kwaɓin a kai don kada gindi ya ƙone. Mai amfani da gawayi ta zuba garwashi kaɗan a kan murfi, saman ya yi ja. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga murfi a kai a kai don leƙawa. Duk ɗagawa zafi ne ke fita, kuma a minti 15 na farko ne burodin ke yin tashinsa na ƙarshe.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne jin tsoron yis a garin da ya yi suna da masa. Matar da ke haɗa ƙullu ta rufe, ta dawo ta tarar ya kumbura yana ƙananan ƙofofi, ta riga ta san rabin aikin burodi. Haka mai fanke da mai alkubus. Bambancin yana wajen murza. Shinkafa ba ta da danƙon da ke cikin alkama, shi ya sa ƙullun masa ba ya neman murza. Fulawa kuwa sai an murje ta minti 10 zuwa 15 kafin danƙon ya haɗu ya iya riƙe iskar da yis ke fitarwa. A gutsiri ɗan kwaɓi a ja shi a hankali da yatsu. Idan ya miƙe ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, ya murzu. Idan ya tsinke nan take, da saura. Burodin farko da ya fito da nauyi, galibi ko murza ce ta gaza ko an yi ta barbaɗa fulawa saboda kwaɓin na manne wa hannu. Mai kaɗan a tafin hannu ya fi.

Ana cewa a jiƙa yis da ruwan zafi don ya yi saurin tashi. Ɗumi ake nufi, ba zafi ba. Yis halitta ce mai rai, tana mutuwa idan zafi ya kusanci digiri 60. Ruwan da za ki tsoma yatsa ki bar shi ba tare da kin ji zafi ba, shi ne daidai. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, ruwan randa ma ya wadatar, kuma kwaɓi kan ninka kafin awa guda. A hunturu yana iya cin awa biyu, iskar kuma tana busar da samansa idan ba a rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle ba. Kwaɓin ake kallo, ba agogo ba.

Cewa yawan yis ne ke sa burodi ya yi kyau, wannan ba haka ba ne. Ga rabin kilo na fulawa, cokalin shayi biyu na busasshen yis sun isa, da gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, da ruwa kimanin mililita 300, sai sukari da bota gwargwadon so. Idan yis ya yi yawa, kwaɓin zai tashi da gaggawa ya zube, ga wari. Gishiri kuma ba ya kashe yis idan an gauraya shi cikin fulawa, rage masa gudu kawai yake yi.

Akwai masu jin ɗar-ɗar don sun ji an ce yis na haifar da giya. Gaskiya ne yayin da yake cin sukari yana fitar da iska da ɗan sinadarin barasa. Sai dai sinadarin na tafasa a digiri 78, cikin burodi kuwa kan wuce digiri 90 kafin ya nuna, don haka kusan duka yana ƙafewa, ba kuma a taɓa buguwa da burodi ba. Abin da ke faruwa a ƙullun masa da kwaɓin gurasar Kano ke nan, abincin da ake ci a gidajen malamai da na almajiransu.

Maganar da ta fi cancanci a tsaya a kanta ita ce ta sinadarin buromet. Ba ƙirƙira ba ce. An daɗe ana zuba shi a kwaɓi a ƙasashe da dama domin yana sa burodi ya kumbura ya yi laushi da ƙaramin kuɗi. Birtaniya ta hana shi a 1990, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ka iya jawo cutar, NAFDAC ma ta haramta shi a burodi zamanin da marigayiya Dora Akunyili ke shugabantarta. Inda jita-jita ta shigo shi ne cewa duk burodi mai laushi buromet ne, ko wai ana gane shi ta hanyar matse burodi a hannu. Ido da hannu ba sa gane shi, sai ɗakin gwaji. Sukari da bota da madara da kyakkyawar murza duk suna kawo laushi, akwai kuma masu gidajen burodi na gari da wannan zargi na jimla ke zalunta. Mai gasawa a gida, ita dai kada ta karɓi kowane ƙullin farin gari marar suna da aka ce mata yana sa burodi ya kumbura. Ba ta da buƙatarsa.

Wai farin burodi ba shi da amfani? Rabin gaskiya ce. An cire dusar alkamar da ƙwayarta, amma tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawar Najeriya. Mai son ƙarin amfani ta maye kashi ɗaya cikin huɗu da garin alkamar gida, ta ɗan ƙara ruwa.

Saura ƙorafin cewa burodin gida yana taurarewa a kwana biyu, wai alamar bai yi ba. Haka burodi yake idan babu maganin hana lalacewa a cikinsa. Sa shi a firij kuwa ƙara masa saurin tauri yake yi, domin sanyi marar daskarwa na gaggauta taurarewar sitacin da ke ciki. Firiza ce ke tsayar da hakan, amma tana son wuta tsayayya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a gasa wanda gida zai cinye cikin kwana biyu, a bar shi ya huce na awa guda kafin a yanka ko a ɗaure a leda, ragowar da ya taurara kuma a tsoma a ƙwai a soya wa yara da safe.