Tamowa: abin da ya sa aka damƙa ma uwaye mata zaren awon dantse

Jama'a masu saurarenmu na karkara, da 'yan uwa da ke bida a ƙasashen waje kuna karanta mu ta salula, damana ta kama. Lokacin nan ne rumbu ke yin ƙasa, tiyar hatsi ta hau, sauro ya yi yawa, zawo ya shiga cikin yara. Kowace shekara daga Yuni zuwa Oktoba ne gadajen masu tamowa ke cika a likitocin Maradi da Damagaram da Tawa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan ɗan zaren nan mai launi uku da ƙungiyoyi ke raba ma mata, don har yau akwai gidajen da aka rataye shi jikin bango ba a san amfaninsa ba.

Manyanmu ba su manta da 2005 ba. Ƙarancin ruwa da farin ɗango sun ci amfanin gona a 2004, shekarar da ta biyo yara suka yi ta faɗuwa. A wannan shekara kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ma yara sama da dubu 60 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jahar Maradi. Abin da ya sa aka iya kai wannan adadi shi ne an daina kwantar da kowane yaro. Wanda ke iya cin abinci sai a ba uwarsa ƙunshin Plumpy'Nut, wanda mata ke ce ma biskit, ta koma gida, ta dawo bayan mako guda a sake auna shi.

To amma sai wata matsala ta fito fili. Magani yana nan, yaran ne ba su isowa da wuri. Uwa na ganin ɗanta yana ramewa, a ce haƙori ne, a ce yaye ne, a jiƙa saiwa a ba shi. Kafin a yanke shawarar tafiya likita ƙafafu sun kumbura, yaro ya ƙi nono ya ƙi kunu. Masu aikin sa-kai na gari, waɗanda muke kira rele, suna zagayawa da zaren awo, sai dai mutum ɗaya ba ya iya leƙa kowane gida kowane mako, balle da damana shi ma yana da gonarsa.

Nan ne wata ƙungiya ta 'yan ƙasa mai suna BEFEN, tare da abokiyar aikinta ALIMA, suka gwada wata dabara a yankin Mirya. Tsakanin 2013 da 2014 suka koya ma mata sama da dubu 12 na yankin Dogo yadda ake awon dantse, a yankin Takeita kuma aka bar aikin hannun rele kamar yadda aka saba, don a kwatanta. Abin da aka gani: awon uwaye bai gaza na rele ba, yaran Dogo suna isowa tun ciwon bai yi nisa ba, kuma waɗanda sai an kwantar da su sun fi kaɗan. Matan nan da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba. Launi suke dubawa, ba lamba ba. Daga baya dabarar ta bazu cikin ƙasa, har wasu ƙasashe suka ɗauka.

Ga yadda abin yake. Ana auna yaro daga wata 6 har ya cika shekara 5. A kama hannun hagu, a bar shi a sake, a naɗa zaren a tsakiyar dantse, wato tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kar a matse, kar a bar shi yana rawa. In ya faɗa a kore, lafiya lau. In rawaya ne, tsakanin milimita 115 da 125, yaro ya fara, a kai shi CSI cikin kwanakin nan. In ja ne, ƙasa da 115, ba a kwana biyu ana shawara. Akwai kuma awo na biyu da ba ya son zare: ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki ɗaga. In rami ya tsaya a duka biyun, wannan kumburin tamowa ne ko da zaren ya nuna kore. Shi ya fi ruɗin mutane, don ana ɗauka yaro ƙiba ya yi.

A likita za su ba yaro biskit ya ɗanɗana a gabansu. In ya ci, gida za ku koma da rabon mako, a dinga zuwa awo har ya warke, galibi wata ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi, ko numfashi na yi masa wuya, sai a tura ku CRENI inda ake kwantarwa a fara da madara ta musamman. Tun 2006 doka ta ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, biskit ɗin ma ba a saye.

Bari mu tsaya a kan biskit ɗin nan, don a nan ake ɓarna. Gujiya ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai, aka ƙara sinadaran gina jiki. A Yamai ma akwai kamfanin da ke yin sa. An ƙirga ma kowane yaro ƙunshinsa daidai da nauyinsa. In aka raba da yayyensa, ko maigida ya lasa, ko aka kai kasuwa aka sayar, yaron zai dawo awo bai ƙaru ba. Ba mu zargin uwar da ke da yara huɗu suna kallonta da yunwa, mun san abin da wuya. Amma mai saye a tebur ya sani maganin wani yaro yake sha.

Maza, saura ku. Sau da yawa uwa ta ga ja tun safe, abin da ya tsayar da ita izini ne da kuɗin kabu-kabu. In an ce CRENI, za ta yi kwanaki a can, wa zai dafa ma sauran yara, wa zai nome mata gamana? Gidan da kishiya ko kaka ko ƙanwar miji ta ce "tafi, na riƙe miki", yaro na samun magani har ƙarshe. Inda ba a samu haka ba, uwa kan ɗauko ɗanta ta gudo tun bai warke ba. A garuruwan da ke da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maradi tun 1991, mata kan ware ɗan abin taimakon gaggawa ban da kuɗin rance. Wannan ya sha fitar da mace kunya ranar da babu ko dala a gida.

Ku kuma 'yan uwa na Legas da Abijan da Agadas da Libiya, mun san kuna aikowa, Allah ya saka. Shawararmu, in kun kira gida kar ku tsaya ga "yaya yara?", don amsar kullum "lafiya lau" ce. Ku tambaya ko akwai zare a gidan, yaushe aka auna ƙaramin, wane launi ya nuna. Ku tambaya ko ya sha maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba, kuma ko an ba shi na rana ta biyu da ta uku, don waɗannan a hannun uwa ake barin su. In da hali, ku ware jika biyu ko uku ku ce na mota ne zuwa likita, a ajiye hannun uwar yaran.

Wadda ba ta da zare, ko nata ya yage, ta tambayi rele na garinsu ko ta nema a CSI ranar awo. A auna sau ɗaya kowane mako har a ci sabon hatsi, a sake aunawa duk lokacin da yaro ya tashi daga zawo ko ƙyanda ko masassara.