Kasuwancin Intanet A Ƙarshen Layi: Abin Da Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi Suka Gani

A ranar 25 ga watan Oktoban 2021 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira a Abuja, aka yi ta shelar cewa Nijeriya ce ƙasa ta farko a nahiyar Afirka da babban bankinta ya fito da kuɗin laturoni. A daidai wannan rana, mutumin Ƙauran Namoda da na Shinkafi da na Zurmi sun haura mako bakwai ba su ji wayarsu ta yi ƙara ba, domin tun ranar 3 ga Satumba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle. Ke nan an yi bikin sabon kuɗin da ba ya motsi sai da waya, alhali wani yanki na ƙasar an ɗauke masa wayar ɗungurungum. Duk sa'ad da na ji ana kambama bunƙasar kasuwancin intanet a ƙasar nan, waɗannan ranaku biyu nakan ajiye a gabana kafin in ce uffan.

Ba na musun bunƙasar. A 2019 kamfanin Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta birnin New York. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda wasu samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. A 2022 aka ƙiyasta darajar Flutterwave a kan sama da dala biliyan 3, sa'annan a 2024 Moniepoint ya shiga sahun kamfanonin da darajarsu ta kai dala biliyan ɗaya, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da sunan wani doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniya. Waɗannan labarai ne na gaske, kuma abin a yaba ne. To amma mai karatu zai lura cewa dukkansu labaran Legas ne da New York, kuma ma'aunin da ake auna su da shi shi ne abin da mai zuba jari ya samu. Ni kuwa tambayata ita ce me ya iso wurin ɗan tireda na Kasuwar Daji da dillalin awaki na kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis.

Mu da muke nazarin harshe muna da wata hanya ta gane abin da ya iso wa al'umma, wato mu dubi kalmomin da bakinsu ya ara. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, daga Zariya ta Gusau, kuma a nan layin ya tsaya. Zamaninsa da na mota ya bar mana tasha da tikiti da fasinja da direba, kalmomin da yau ba wanda ke jin baƙuntarsu. Zamanin wayar salula, wanda ya fara a ƙasar nan a 2001, ya ba mu sabis da kati da caji da data, daga baya kuma aka samu turansifa da alat da mai POS. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta ce maka ba ta ga alat ba, kuma ta san abin da take nufi sarai. Amma ka zagaya Ƙaura da kewayenta, ba za ka ji Bahaushe ya ari kalma ɗaya daga cikin waɗanda ake jefawa a tarukan fasaha na Legas da Abuja game da sababbin kamfanoni da zagayen tara jari ba. Baki ba ya aron sunan abin da hannu bai taɓa ba. Abin da ya iso arewacin Zamfara daga wannan masana'anta shi ne aika kuɗi da karɓarsu, sai kuma saƙon murya.

Babban kantin intanet irin na Jumia an gina shi ne a kan abubuwan da ba mu da su: lambar gida, da sunan titi, da hanyar da mai babur zai bi ya kai kaya ya dawo lafiya, da mai saye da zai karanta bayanin kaya da Turanci ya amince da wanda bai taɓa gani ba. Adireshinmu kuwa shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da mai nika. Saboda haka jama'a suka ƙera nasu tsarin ba tare da wani ya shirya musu taron bita ba. Matar aure a cikin gidanta za ta ɗora hoton atamfa ko turaren wuta ko takalman yara a WhatsApp, masu so su aiko saƙon murya a yi ciniki, ta tura kuɗi ga wani amintacce a Kantin Kwari a Kano, shi kuma ya damƙa kayan ga direba a tasha, ɗan kamasho ya kira ta in mota ta iso. Wanda ya san dillaliya mai yawo gida-gida da ƙullin kaya a ka, ya san wannan sana'a tun kafin a haifi masu manhajar. Abin da ya sauya shi ne ƙafa ta huta, kuma kasuwarta ta wuce unguwa ta kai wasu garuruwa. Jarin da ke riƙe da wannan ciniki shi ne amana da sanayya, shi ya sa ma alat na bogi ya zama masa babbar cuta, domin duk wanda aka damfara sau ɗaya sai ya koma ga tsohuwar ƙa'idar kuɗi hannu, kaya hannu.

A nan ne katsewar 2021 ta tona asirin yadda ginin yake. An haɗa ta ne da rufe kasuwannin mako-mako da hana jigilar dabbobi da hana sayar da fetur a jarka, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labarin da masu kai musu rahoto ke tura musu. Ban raina dalilin ba, domin turken da ke ɗauke da cinikin dillaliya shi ne dai ke ɗauke da kiran neman kuɗin fansa, kuma wanda aka sace masa ɗa ba ya lissafin ribar kanti. Sai dai mu duba abin da ya biyo baya. An ce mako biyu, aka maido wa Gusau da layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar. Cikin wannan tsakani na'urar mai POS ta zama dutse, ɗan da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ya rasa hanyar aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, ma'aikaci ya ga albashi ya shiga asusun da hannunsa ba ya kai wa gare shi. Mutane suka riƙa hawa mota su bi hanyar da ake tsoro domin su je inda za su yi kira na minti biyar, kuma da aka katse wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato a cikin watan na Satumba, tafiyar ta ƙara tsawo. Ƙauyen da aka kawo wa hari kuma ya rasa yadda zai nemi ɗauki. Su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu, rahotanni sun nuna wasunsu sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar da ke tsallakowa ta kan iyaka, ga shi kuma ƙasar Zurmi a bakin iyakar take. A ganina, an ɗora wa talaka nauyin da ya fi wanda aka ɗora wa ɗan bindiga, kuma hare-haren da suka ci gaba bayan an maido da layi sun isa shaida.

Ba a daɗe ba sai ga kishiyar wannan jarrabawa. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya janye tsofaffin ba tare da sababbin sun wadata ba. A farkon 2023 takardar kuɗi ta zama abin saye, har a wasu wurare sai ka bar dubu ɗaya ko biyu kafin a miƙo maka dubu goma. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙarar gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau: cikin ƙasa da shekara biyu, mutum guda an ce masa ya rayu babu waya, sa'annan aka ce masa ya rayu babu takardar kuɗi, ya dogara ga waya. Idan yau ya ƙi sakin takardar naira daga lalitarsa, kada wani ɗan boko ya kira shi baƙauye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan ƙarancin kuɗi shi ne ya tura ɗimbin jama'a ga OPay da PalmPay da Moniepoint, a lokacin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa gazawa saboda cunkoso. Sun yi aikin da bankuna suka daɗe suna ƙyamar yi, wato kai hidimar kuɗi ƙauyen da bai taɓa ganin reshen banki ba, kuma sun samar wa samari da yawa abin yi a ƙarƙashin laima da teburi. Amma yana da kyau mu san na wane ne. OPay ya fito ne daga kamfanin Opera da ke hannun masu jari 'yan ƙasar Sin. PalmPay kuwa ya tashi da jarin Transsion, kamfanin birnin Shenzhen da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix, wato wayar da ke aljihun manomin Zurmi da asusun da ke cikinta duk suna da alaƙa da gida ɗaya. Layin dogo na 1929 an shimfiɗa shi ne domin a kwashi gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kuma da buƙatar masu shi ta kau, jirgin ya daina zama abin dogaron ɗan kasuwar Ƙaura. Ba na cewa tarihi zai maimaita kansa ƙwabo da ƙwabo, amma kamannin ya isa ya sa mutum tunani: namu shi ne kamasho, ribar da bayanan cinikinmu kuma suna bin layi su tafi.

Turken sadarwa kansa ba ya tsayuwa a iska. Yana buƙatar man dizal, da injiniyan da zai yarda ya zo gyara, da hanyar da zai biyo. A watan Afrilun 2024 'yan bindigar da suka afka wa garin Zurmi, har suka kai ga fadar Sarki, sun ƙona turken waya. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta wajabta a kare. Takarda ta yi kyau, saura mu ga mai gadi. Kamfani ɗan kasuwa ne, ba zai yi ta zuba kuɗi inda ake ƙona masa kaya ba, kuma saboda irin waɗannan wurare ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa inda riba ba ta kai kamfani. Ina ganin wakilan wannan yanki a Majalisar Tarayya sun fi kowa haƙƙin su tambayi turaku nawa asusun ya kafa tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, su kuma nemi a yi dokar da za ta ƙayyade wa'adin duk wata katsewar layi da wanda zai amsa tambaya a kanta.

Yanzu kuma yayin da ake ciki shi ne na ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. A nan ne nake ganin ƙofa ga mutanenmu, domin al'ummar da ta riga ta mai da saƙon murya takardar ciniki ita ce ta fi kowa buƙatar na'urar da za a yi wa magana ta fahimta. Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma Hausar da na'urori suka fi koyo ita ce daidaitacciya, wadda aka gina a kan karin Kano, ta littafi da rediyo. Bazamfare kuwa cewa yake yi "yat tahi" inda Bakano zai ce "ya tafi", ya ce "mi" a madadin "me", ya ce "hwari" da "wanga". Manhajar da ta kasa jin wannan za ta tura shi ga ɗan tsakani, kamar yadda jerin umarnin banki da Turanci ke tilasta wa dattijo ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga yaron da bai sani ba. Damfarar da ake yi wa mutanen karkara takan shigo ta nan.

Wannan aiki ne da ba sai an jira Legas ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan a Ƙaura tun 1983, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da daɗaɗɗen tarihinta na nazarin Hausa. Ɗalibansu na kwamfuta da na harshe za su iya haɗa hannu su naɗi muryoyin 'yan kasuwa da mata da manoma, da izininsu, su rubuta su yadda aka faɗe su, har da ƙidayar kuɗi da lafuzzan ciniki irin su taya da sallama da albarka da la'ada. Kamfanonin waje za su zo neman irin wannan taska, domin ba za su same ta a shafukan intanet ba. Kafin su iso, ya kamata makarantun su riga sun rubuta yarjejeniyar da ta fayyace wane ne mai muryoyin, da nawa za a biya waɗanda suka ba da su, da kuma sharaɗin cewa kwafin farko zai zauna a Ƙaura.