Jinin babba ya saba da maleriya, na yaro fa?

Daga Garkin Inugu zuwa Oyigbo ta Fatakwal har bakin gadar Anacha, 'yan kasuwarmu na yawan cewa wanda ya daɗe a kurmi jininsa ya fi ƙarfin sauro. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma nan ne haɗarinta yake.

Don a gane dalili, sai mu fara da ɓera: da yawa daga abin da likitoci suka sani game da yadda jiki ke yaƙar zazzaɓin cizon sauro, a jikin ɓera aka gano shi. A 1948 wasu masana biyu, Vincke da Lips, suka samu wata ƙwayar maleriya a jikin ɓerayen daji a Katanga ta ƙasar Kwango, aka sa mata suna Plasmodium berghei. Ba ta kama mutum, saboda haka kada wani ya ɗora wa ɓeran gidansa laifin maleriya. Shi nasa laifin daban ne, irin su zazzaɓin Lassa. Amfaninta shi ne ana iya sa wa ɓeran ɗakin gwaji ita a bi diddigin abin da ke faruwa.

Idan sauro ya yi cizo, ƙwayar takan wuce zuwa hanta ta ɓuya tana hayayyafa, kwana biyu a ɓera, kusan mako guda a mutum, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Daga nan ta fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Sai saifa ta shiga aiki kamar rariya, tana tace jinin tana kama waɗanda suka kamu, fararen ƙwayoyin jini na cinye su. Ɓeran da aka cire wa saifa yakan sha wuya ƙwarai kafin ya kau da cutar. Wani abin mamaki kuma, a wasu ɓerayen garkuwar jikin ce da kanta ke wuce gona da iri, ta lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa har dabbar ta mutu.

A 1967 Ruth Nussenzweig da abokan aikinta a Jami'ar New York suka raunana ƙwayoyin da hasken eksire, suka yi wa ɓeraye allurarsu. Da aka sa musu masu ƙarfi daga baya, da yawansu ba su kamu ba. Wannan hanya ce ta kai ga rigakafin RTS,S da R21. Najeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya, ta fara ba yara R21 a Disamban 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa.

To ina gaskiyar maganar 'yan kasuwa? Babban da maleriya ta sha kayarwa tun yana ƙarami yakan samu garkuwa, amma rabi da rabi ce: tana rage tsananin ciwo, ba ta hana kamuwa, kuma tana raguwa idan aka daɗe ba a gamu da cutar ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai tara ta ba tukuna. Mai juna biyu, musamman cikin fari, tata takan yi rauni. Ga shi a Kudu damina doguwa ce, sauro ba ya hutu kamar yadda yake lafawa da rani a Katsina ko Sakkwato. Maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina a Arewa ma ba tsarin yawancin jihohin Kudu ba ne. Maigidan da ya ɗauko iyali daga gida ya auna su da ƙarfin jikinsa ya yi babban kuskure.

Don haka a rataya gidan sauro mai magani kowane dare, ko ana zafi. Mai ciki ta je awo ta karɓi maganin kariya. Idan jikin yaro ya yi zafi a yi gwajin jini a ranar, a daina zuwa kemis ana cewa "a haɗo min na maleriya da taifot". In an tabbatar, a sha maganin ACT kwana 3 cif, ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. A kula da inda ake saye: a Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta bakin gadar Anacha saboda jabu. Yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, asibiti za a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.